Yatsan Baba a Bakin Faranti

Baba ya faɗi ne a bakin rijiya yana alwalar la'asar. Da aka ɗaga shi, ɓarin jikinsa na dama ya riga ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. An kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka yi abin da za a iya, aka dawo da shi ɗakinsa a Gwandu, kan gadon da yake kwana tun kafin a haife ni. Yini yake ido a buɗe yana kallon azara. In an sa masa kunu a baki ya haɗiye. In an kira shi ba ya juyowa. Likita ya ce hannun hagun lafiyarsa lau, amma inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi.

Ni a Kalgo nake zaune. Ina da ɗan shago inda nake gyaran fanka da dutsen guga da hita, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban jami'a ne, masu ƙona abu da hannunsu sannan su rantse da kansa ya mutu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in rufe shago in nufi gida. In shiga ɗakin Baba, in gaishe shi, in amsa wa kaina, in juya shi, in shafa masa man kaɗe a baya. Ban ji komai ba. Ban yi kuka ran da ya faɗi ba, ban yi daga baya ba. Masu zuwa dubiya suna ta yaba dauriyata, ni kuwa na san ba dauriya ba ce. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana taɓawa ina gani amma ba na ji.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da Yaya, wanda ke aikin ofis a Birnin Kebbi. Yaya ba mugu ba ne. Ya ga bayan Inna ya fara sunkuyawa saboda ɗaga Baba da wankin zannuwa, shi ya sa wata ranar ya zauna a ƙofar ɗakin ya kawo maganar.

"Inna, ku bari in tahi da shi wurina. Can akwai wuta, ga likita kusa. Tunda bai san inda yake ba, nan da can duk ɗai na."

"Ya sani," in ji Inna. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Mi yas sani?"

"Ya san ɗakinai. Ya san ni."

"Ko ni da nike ɗanai na hwari bai taɓa dubana ba tun da yaf faɗi."

"Kai ma ba ka taɓa tsayawa ba, balle shi dube ka."

Aka ja maganar har wake ya ƙare a faifai. Inna ta san in aka fitar da Baba daga ɗakin nan ba zai dawo da rai ba, ita kuma ba za ta iya barin gida da awaki da rumbu ta bi shi birni ba. A ƙarshe suka tsaya a kan kaka. In an cire amfanin gona Baba bai nuna wata alamar yana tare da mu ba, Yaya zai zo da mota. Aka tambaye ni ra'ayina, na ce duk yadda suka yi daidai ne. Da gaske nake, duka biyun ɗaya ne a wurina.

Bayan Yaya ya tafi, Inna ta kira ni.

"Auta, ɗauko akwatin ga na bisa kabad."

Garmahon Baba ne, na'urar kunna faifan kiɗa, irin mai kama da ƙaramar jakar tafiya, mai aiki da batir. Da ƙuruciya Baba ya yi tashe wurin gayya. An ce in makaɗa suka tsaya a bakin gona suka ɗora ganga, shi ke fara kai ƙarshen kunya, ya juyo ya tarar da sauran a tsakiya. Shekarar da gero ya yi masa kyau ya sayo garmahon nan da faifan kiɗan noma, yana kunnawa a zaure abokansa na taruwa. Ni ban taɓa jin kukansa ba. Tun ina ƙarami farantin da ake ɗora faifan a kai ya ɓata. Ran bikin wata 'yar ƙanwar Baba, mata suka rasa abin rufe kwanon tuwon da za a aika ƙauyen Ceberu, wata mai dabara ta buɗe akwatin ta zare farantin, ta ce ga shi har da ƙofar fitar tururi a tsakiya. A gidanmu in ana taro, duk abin da yake da faɗi kuma zagayayye murfi ne. Kwanon ya dawo, farantin bai dawo ba. Baba ya yi faɗa, ya gaji, ya ɗora akwatin a kan kabad.

"Ka gyara mai shi," in ji Inna. "In ya ji gangar ga, ku da kanku za ku gani."

Ban yarda da maganar ba, ban kuma musa ba. Aiki ne aka ba ni, kuma aiki ya fi zama a gefen gado sauƙi. Na ɗaure akwatin na tafi da shi Kalgo.

Cikinsa bai ba ni wahala ba. Na goge tsatsa, na sa mai, na canza wayoyin da ɓera ya ci, na jona shi da ƙaramin batirin sola. Injin ya tashi. Allurar ma tana nan da sauran kaifinta. Yadda abin yake aiki ba wuya: akwai ƙarfe a tsaye a tsakiya wanda faranti ke zama a kansa, akwai kuma wata 'yar taya ta roba da injin ke juyawa. Farantin yana da leɓe da ya sauko ƙasa, tayar tana gogar leɓen ta ciki tana tura shi. Abin da ya rage mini kawai shi ne farantin, kuma ba wanda ke sayar da shi. Na tambaya a kasuwa, wani yaro mai sayar da lasifika ya ce in kawo waya ya tura mini duk kiɗan da nake so. Na ce masa ba ni ke so ba.

Girman farantin na samu daga zanen da tsohon ya bari a jikin allon akwatin, wani da'ira mai haske inda ƙura ba ta taɓa zama ba. Na fara da abin da ke kusa. Tiren shayi na huda a tsakiya, ya zama ba shi da nauyi, yana rawa, kuma ƙugin injin yana bi ta jikinsa ya shiga allura har ya danne komai. Murfin bokitin fenti ya lanƙwashe tun kafin in ɗora masa faifai. Ban taɓa gwadawa da faifan kiɗan noman ba, don shi kaɗai ne, ina tsoron karce shi. Da wani tsagaggen faifai da na samu a ƙasan akwatin nake gwaji, wanda ba a jin komai a cikinsa sai shuu.

Sai na je wurin kafintan da ke bayan shagona. Ya ce gawo ba shi da ƙarko, ƙirya kuma sai dai turmi, za ta cinye masa zarto a banza, in nemi maɗaci. Ya fitar mini da shi daga wani falanki, ya rarake ƙasan ya bar leɓe, ya goge shi har yana sheƙi. Ya yi kyau ƙwarai, ya zauna daram, ƙugin injin ma ya ɓace. Amma a bazara aka yi shi, itacen ya bushe ƙamas. Da ruwan farko ya sauka, iska ta yi laima, na buɗe shago da safe na tarar farantin ya sha danshi ya ɗaga gefe ɗaya. In yana juyawa allura sai ta hau tudu ta gangara, ta yi tsalle. Kafinta ya ce in jira rani zai koma daidai. Na ce masa rani ya yi mini nisa.

Ranar Juma'a na gaya wa Inna. Ta ce itace ai da rai gare shi ko an sare shi, in gwada ƙasa. Akwai wata 'yar uwarta tsohuwa a Maruda mai ginin tukwane. Na je na same ta a gindin bango tana cuɗa yumɓu da ƙafa. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita dai tun da take ba a taɓa cewa ta gina abin da ba ya riƙe ruwa ba, amma saboda mai jinya za ta yi. Ta gina, ta shanya a inuwa, ta gasa tare da tulunanta. Wuta ta tsuke shi, ƙofar tsakiya ta goce gefe, ga nauyi kamar dutsen niƙa. Da na ɗora, injin ya yi nishi ya tsaya. Na mayar mata, ta ce ba komai, ta rufe randa da shi.

A tsakanin nan gero ya yi kara, ya fitar da kai. Ina ganinsa ta tagar mota duk Juma'a, na san abin da yake nufi, amma ko saurin tafiyata bai ƙaru ba. In na shiga gida Inna takan dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. Baba yana nan yadda na bar shi, sai dai ya ƙara ramewa. Wani lokaci ina shafa masa mai in tsaya ina kallon tafin hannunsa, kantar garma duk ta baje, ya yi laushi kamar na mai jego. Nakan ce wa kaina ya kamata wannan ya taɓa ni. Sai in rufe kwalbar man in je in wanke hannu.

Masu zubin tukwane ne suka fitar da ni. Suna can bayan kasuwa, suna narka gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan injin mota su zuba a cikin yashi, tukunyar alminiyam ta fito. Alminiyam ba ya shan danshi, ba ya tsukewa yadda yumɓu ke yi, nauyinsa kuma tsaka-tsaki ne. Na kai wa babbansu farantin maɗacin, bayan kafinta ya sake daidaita shi, don ya danna a yashi ya fitar da siffa. Ya juya shi a hannu, ya murza leɓen da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Wanga leɓe ya yi siriri. Ruwan ƙarhe ba shi cika shi, ko ya cika tsagewa shikai. Sai na ƙara mai kauri."

"Ta waje ba wuri, akwatin zai goga," na ce.

"To sai ta ciki. Tukunya duka hakanan mukai mata, leɓe shi ar ranta."

Na ce ya yi yadda ya saba. Ban tsaya tunanin komai ba. Ya zuba, ya fasa yashin, abu ya fito da ƙuraje. Na kai wurin mai injin gyaran ƙarfe ya share fuskar ta kwanta sumul, ya huda tsakiya daidai. Na yanko tsohon tib na babur na manna a sama don kada faifai ya zame. Da na kunna, ya juya shiru, ba rawa ba ƙugi. Na sa ƙwayar gero a kai ta yi ta zagayawa ba ta gangara ba.

Ran da na kai shi gida an fara yankan gero a wasu gonakin. Inna ta share ɗakin, ta sa wa Baba farar riga, ta jingina shi da filo. Na ajiye akwatin a kan kujera 'yar tsugunno a gefen gadon, ta hagunsa, don nan ne kawai wayar batirin ke kaiwa. Na goge faifan da gefen rigata na ɗora allura.

Ganga ta tashi, mai waƙa ya shigo da wata siririyar murya, 'yan amshi suna binsa a guje. Allura ba ta yi tsalle ba ko sau ɗaya. Na ɗauka haka kiɗan mutanen dauri yake, da gaggawa da ƙaramar murya. Inna ta tsaya a bakin gado ta zuba wa fuskar Baba ido. Baba yana kallon azara. Faifan ya kai ƙarshe, allura ta shiga shuu. Inna ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce tuwo zai kama, ta fita. Ban taɓa ganin bayanta ya sunkuya kamar ranar ba.

Na rasa abin yi, sai na mayar da allura farko. Ina zaune a ƙasa ina duba ko batir zai kai, na ga hannun hagun Baba ya zame daga kan cinyarsa. Na ɗauka faɗuwa ya yi. Amma bai tsaya a katifa ba. Ya bi gefen gado yana lalube, ya samu kujerar, ya hau jikin akwatin. Na yunƙura zan janye shi kada ya buge allura, sai na ga ba allurar yake nema ba. Ya miƙa manuniya ya ɗora a bakin farantin, ya danna.

Kiɗan ya ja baya. Muryar mai waƙar ta yi ƙasa, ta yi kauri har ta wuce misali, kamar bijimi na kuka. Sai yatsan ya ɗan sassauta. Ya ƙara dannawa kaɗan, ya sake sassautawa, sannan ya tsaya cak. Muryar da ta fito yanzu ta namiji ce cikakke, gangar kuma ta samu wurin numfashi tsakanin bugu da bugu. Fuskar Baba ba ta canza ba, idonsa na kan azara, yatsan ne kawai ke aiki.

Inna ta shigo da muciya a hannu, tuwo na ɗiga a ƙasa.

"Ita ta," ta ce a hankali. "Hakanan take. Ɗazun na ji ba daidai ba, nic ce ko kunnena na yat tsuhwa. Wa ka iya noma da waccan? Ai sai mutum shi sare ƙahwatai. Wagga ita ta ka ɗaga garma, ka aje, ka taka."

A nan na gane abin da ya faru. Kaurin da mai zubi ya ƙara ta ciki ya rage faɗin da tayar roba ke zagayawa, shi ya sa farantin ke gudu fiye da ƙa'ida. Na ce wa Inna gyaran ba wuya, in koma da shi a rage leɓen, Juma'a mai zuwa zai dawo daidai ba sai an taɓa ba.

"Kak ka kuskura," ta ce. "Bar mai aikinai."

Na bar shi. Na nuna mata yadda ake ɗora allura da yadda ake sa batir a rana. Kullum da hantsi, lokacin da da can yake tsakiyar gona, sai ta kunna masa, shi kuma ya miƙo yatsa. Wata rana yana barci na gwada da nawa yatsan, kiɗan ya riƙa tashi yana faɗuwa kamar mai maye. Inna ta leƙo ta ce in bari, mutumin da bai taɓa kai ƙarshen kunya ba sai da ya zauna shan fura ina zai san tafiyar ganga. Gaskiyarta, ni tun ina yaro da ƙusa da waya aka san ni.

Yaya ya zo da motar kamar yadda aka yi alkawari, har da katifa a baya. Inna ba ta yi masa gardama ba, ta ce ya shiga ya zauna tukuna. Ya ga hannun ya taso. Ya ce wataƙila jijiya ce kawai ke motsi. Ya ɗaga allurar da kansa ya mayar farko, ya sake, ya sake, kuma kowane karo yatsan yana kai kiɗan wuri ɗaya ya riƙe shi a nan. Yaya ya tashi ya fita, ya daɗe tsaye wajen turken awaki ya ba mu baya. Da ya dawo sai ya sauke katifar daga mota ya ce a shimfiɗa wa Inna a ɗakin, ta daina kwana a tabarma. Ba a sake maganar Birnin Kebbi ba.

Ni kuwa ina nan yadda nake. Na ji daɗin aikin ya yi, irin daɗin da nake ji in fankar da aka fid da rai ta juya. Baba bai yi magana ba, bai taɓa juyowa ya dube ni ba. Ya rasu bayan an gama ɗaure dawa, da safe, a ɗakinsa, Inna na riƙe da kofin kunu. Aka yi mini waya, na rufe shago, har na tsaya na ba wani ɗalibi hitarsa don kada ya zo bai same ni ba.

Wani tsohon malami abokin Baba ne ya yi masa wanka, Yaya na juya shi, ni ina zuba ruwa da buta. Ina zubawa inda aka ce in zuba. Da aka zo hannun hagu, malamin ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan manuniya. Kan yatsan ya yi baƙi ƙirin, baƙin alminiyam da ya shige cikin fata. Ya sa sabulu ya cuɗa, bai fita ba. Ya sake cuɗawa, sannan ya matsa wurin da babban yatsansa.

"Wanga baƙi hwa, na mine ne? Har kanta ta hito mai."

Na duba. Kanta ce sabuwa, 'yar ƙarama, mai tauri, ita kaɗai a duk hannun.

"Na aiki ne, Malam," na ce. "A bar shi."

Ya ce to, zuba nan. Na ɗaga butar, sai na kasa saita bakinta, ruwa na zuba a ƙasa, a kan ƙafata, ko'ina ban da inda ya nuna. Yaya ya miƙo hannu ya karɓe ta.